Yadda Sunana Ya Fita Daga Takardar Gidan Saint-Fons

Balkisa, yau zan kama sunanki duk da ke ce ƴar fari, tunda a takarda ne kuma ba mai jina. Ke kika faɗi maganar, ranar sadakar arba'in ɗin babanku, muna wanke faranti bayan baƙi sun watse. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ma dube ni ba.

"Da ba ki matsa masa ba, Mama, da a gidansa ya cika, ba a ɗakin haya ba."

Nasiru yana tsaye bakin ƙofa bai ce uffan ba, kuma na san irin shirunsa, yarda ce. Ban ba ku amsa a ranar ba, don ban iya dogon bayani da hannu cikin kumfa ba. Yanzu na ajiye aiki, ina da tebur da lokaci, to ga amsar. Ba wanke kaina na zauna yi ba. So nake ku san wanda ya yanke shawarar sayar da gidan Saint-Fons, domin kun daɗe kuna ɗora mini abin da ba nawa ba ne.

Ni da babanku a Lyon muka haɗu, shi daga Tawa, ni daga Damagaram, dukanmu karatu ya kawo mu. Ranar da aka ɗaura mana aure babu ɗayanmu a wurin. Waliyyai suka taru a zauren kawuna, aka ba da sadaki, aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha, mu kuwa muna matse cikin akwatin tarho na bakin titi a unguwar Guillotière, muna karɓe-karɓen kan wayar muna jin guɗa daga nesa. Daga ranar muka zama mata da miji a wurin Allah da wurin mutanenmu, kuma hakan ya ishe mu. Zuwa meri, inda Faransawa ke rubuta aure, muka ce sai an samu sarari. Aka haife ki, aka haifi Nasiru, sarari bai samu ba. Ba ƙi muka yi ba, ba mu dai ga abin da zai ƙara mana ba ne.

Shi ya samu aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, a gefen Lyon, ni kuma a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shi ya ƙwallafa rai a kan sayen gida. Ya samo wani a Saint-Fons, hawa na huɗu, ɗaki uku da falo, tagar tana kallon bututun hayaƙi, in iska ta juyo sai a bi ko'ina a rufe. Albashinsa kaɗai bai kai banki ya ba shi bashi ba, sai aka haɗa da nawa. Na tuna matar bankin ta ɗora alƙalami a kan wani layi ta karanta mana shi har sau biyu: kowane ɗayanmu yana ɗauke da bashin gaba ɗaya, ba rabi ba, har shekara ashirin. Na gyaɗa kai na sa hannu. Hankalina duk yana kan Nasiru, jariri ne a lokacin, yana tsala kuka a cinyata. Babanku kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya tsaya gaban benen riƙe da makulli aka ɗauke shi hoto, ya aika Tawa, kakarku ta sa aka yi masa gilashi ta rataye a ɗakinta. Tun daga lokacin ba mai kiransa Yusufu a unguwarsu, sai Mai Gidan Faransa. Daɓen madafa ma da hannunsa ya shimfiɗa shi, Lahadi bayan Lahadi, layi ɗaya ya karkace, kuma bai taɓa yarda ya karkace ba.

Ba zan ba ku labarin mutuwar auren ba, don babu labari. Ba duka, ba zagi, ba wata a waje. Shekara takwas bayan sayen gidan muka wayi gari mun zama mutane biyu masu gaisawa cikin ladabi a bakin ƙofar banɗaki. Ya rubuta mini takardar saki da kyakkyawan rubutunsa, abokansa biyu suka shaida. Na yi idda a ɗakinki, Balkisa, kina mita na cika miki wuri. Da ta cika sai na nemi canjin wurin aiki, aka ba ni Bobigny, a gefen Paris. Na kwashe kayana yadda ake yi a gida: gado, kwanuka, tukwanen da innata ta aiko mini, keken ɗinki. A wurinmu mace in ta fita da kayan ɗakinta ta fita ke nan, gida na namiji ne, kuma gaskiya ban taɓa jin gidan nan nawa ne ba. Muka shirya da babanku za ku zauna wurinsa ku ci gaba da karatu a lakwal, in na samu muhalli sai mu raba zaman. Na hau motar kaya ina ganin na gama da Saint-Fons.

A Paris na sauka wurin Hajiya Zara a Belleville, matar Alhaji Mahamat, mutanen Cadi ne masu kantin atamfa da turare. Suka ba ni wani ɗan ɗaki a bayan gidan, wanda in na miƙe hannu nake taɓa bango biyu. Kayana suka tafi ɗakin ajiya na haya. In kun zo hutu, a hanyar shiga ɗakuna ake shimfiɗa muku katifa, tsakanin dilolin atamfa, duk mai zuwa alwala da asuba sai ya tsallake ku. Ku abin dariya ya zame muku. Ni ban taɓa yin dariyar ba.

Na haɗa takarduna na kai ofishin da ke ba da gidajen haya na gwamnati. Matar da ta karɓe ni ta daɗe tana duba na'ura, sannan ta ɗago.

"Madam, ai kina da gida."

"Ba ni da gida," na ce mata. "A ɗakin aro nake kwana."

"Kina da gida a Saint-Fons, ɗaki uku da falo. Ga sunanki."

Na yi murmushi irin na wadda ta zo da shirinta. Na zaro takardar sakin, tare da fassarar da na biya aka yi mini da hatimi, na miƙa mata. Ta karanta har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ina yaba mata da wannan. Ta mayar mini da ita da hannu biyu.

"A wurinmu ba ku taɓa yin aure ba, don haka babu abin da wannan takarda za ta raba. Abin da muke gani shi ne mutum biyu sun sayi gida tare, kuma har yau suna tare a cikinsa."

Na zagaya wurin masu ba da haya na kansu, nan ma labarin ɗaya ne. Da sun ga akwai bashin gida a wuyana sai a ce za a kira ni, ba a kira. A takarda ni mai gida ce kuma mai bashi, a zahiri ba ni da inda zan kwantar da ƴaƴana biyu. Nan na gane cewa muddin sunana yana kan takardar nan, a tsakanin diloli za ku ci gaba da kwana. Sai na buga wa babanku waya. Muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi sanyi, sannan na faɗa masa yadda bashin gidan ya tare mini hanya.

"Ikon Allah," ya ce. "To mi ya haɗa ki da shi? Ai ni ka biya. Na taɓa ce miki ki kawo ko dala?"

Gaskiyarsa ne, bai taɓa ba. Ya je banki da kansa yana ganin aikin minti biyar ne, a ja layi a kan sunana a wuce wurin. Aka ce masa albashinsa shi kaɗai bai isa ya ɗauki abin da ya rage ba. Ko dai ya kawo wani mai ƙarfi ya tsaya masa a madadina, ko a sayar da gidan, ko in ci gaba da zama a takarda har a gama biya. Saura shekara goma sha ɗaya.

Magana ta kai kunnen manya, kamar yadda kowace magana ke kaiwa. Wata Lahadi bayan la'asar aka taru a bayan kantin Alhaji Mahamat, shi da dattawa biyu na ƙungiyar ƴan ƙasarmu, babanku yana kan waya an buɗe murya. Aka tambaye ni abin da nake nema a gidan. Na ce ba na neman komai, rabona na yafe masa duniya da lahira, sunana kawai nake so. Aka yi ta sa mini albarka, aka shafa fatiha, kowa yana ganin an kashe rabin wutar. Sauran rabin kuma Alhaji ya ce a bar masa.

"Mutum suke so ya tsaya masa? To ni zan tsaya masa. Shekara nawa ina tsaya wa mutane a garin nan? A saya mini tikitin jirgi."

Haka muka kama jirgin ƙasa zuwa Lyon, ni da Alhaji. Ya sha babbar riga ta shadda ruwan toka, da hula, da sanda, turarensa kuwa sai da ya cika taragon. Babanku ya tarye mu a tasha sanye da rigar da yake zuwa Juma'a da ita. Wanda ya karɓe mu a banki wani saurayi ne mai ladabi, wanda bai kai ɗan autan Alhaji ba. Alhaji yana jin Faransanci sarai, da shi yake cin kasuwa, amma a ganinsa babban mutum ba ya ciniki da yaro baki da baki, don haka ni na zama tafinta.

"Ki gaya masa ni ne Mahamat. Daga Belleville har Abeshe ba wanda ya taɓa bina ya kwana da shakka. Wannan mutum ɗan'uwana ne, na san shi, na san aikinsa. In ya gaza, a zo wurina. Na faɗa a gaban shaidu."

Na fassara. Saurayin ya yi godiya, ya ce abin a yaba ne, sannan ya nemi takardun albashi na wata uku da takardar haraji. Alhaji ya dube ni kamar na fassara ba daidai ba.

"Albashi? Wa zai biya ni albashi? Ki ce masa ina da gida biyu a Njamena, ina da garken shanu wanda shi bai iya ƙirgawa ba."

"Shanun, a nan Faransa suke?" in ji saurayin, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya tambaya.

Ban fassara wannan ba, ba a bukata. Alhaji ya zaro takardar harajin kantin daga aljihu ya ajiye a kan tebur da yatsa biyu. Saurayin ya duba, kunnuwansa suka yi ja. Abin da kantin yake nunawa a takarda bai kai albashin babanku ba. Na kawo maganar yafiyata, ko za ta taimaka. Ya ce yafiya tsakanina da babanku ce, banki ba ya cikinta, kuma in muka kai ta gaban noter, mai rubuta cinikin gidaje, za a ɗauke ta kyauta ce tsakanin baƙi biyu da ba su haɗa komai ba, a ɗora mata haraji mai nauyi. Muka fito. Fatihar da aka shafa a Belleville da babbar rigar Alhaji duk ba su motsa harafi ɗaya ba.

Saura sa'a biyu jirginmu ya tashi, sai muka zauna a wani wurin shan kofi kusa da tasha. Alhaji ya huce haushinsa a kan Faransawa da ba su san mutum ba sai takarda, sannan ya juyo kaina.

"Rabi, ke ɗiyata ce, ki ji maganata. Ki haƙura. Shekara goma sha ɗaya kamar gobe ne. Ɗakina yana nan, ba mai korarki. Kada a ji a gida an sayar da gidan Yusufu saboda ke. Ba shi kaɗai zai ji kunya ba, har yaran."

"Na haƙura, Alhaji," na ce.

Kuma da gaske nake. Ba don kirki ba, na gaji ne kawai. Babanku kuwa yana ta juya cokali a kofin da bai sa wa sukari ba. Can ya ɗago, ba ni ya kalla ba, tsakanina da Alhaji ya kalla.

"Ɗiyan, in sun taho hutu, ina suke kwana?"

Kafin in buɗe baki Alhaji ya amsa, cike da alfahari, don a ganinsa karamcinsa yake bayyanawa.

"A gidana mana! Katifa ake shimfiɗa musu a hanya, tsakanin kaya. Suna jin daɗinsu, ƴan banza, har ɓuya suke cikin atamfa."

Ashe ba ku taɓa gaya masa ba, ni ma ban taɓa ba. Ya ci gaba da juya cokalin. Ya raka mu har bakin jirgi, ya riƙe wa Alhaji sanda ya hau, ya ce mini a gaida Hajiya.

Bayan mako biyu, wata Asabar da hantsi ina wanki, ya kira ni. Gaisuwar ma bai ƙarasa ba.

"Na sa gidan kasuwa. Za a aiko miki takarda ki sa hannu."

A nan ne nawa laifin yake, in laifi ne, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na san abin da gidan nan yake a wurinsa. Na san hoton da ke ɗakin kakarku. Abin da ya kamata mai kunya ta yi shi ne ta ce a'a, ka bari, na riga na haƙura a gaban Alhaji. Ko sau ɗaya ne, ko don cika al'ada. Ban ce ba.

"Ka yi shawara?" na tambaye shi.

"Na yi."

"To."

Abin da na ce ke nan, "to". Na ajiye wayar na koma kan wankina, ina jin wani sauƙi a ƙirjina wanda rabona da shi tun ranar da matar ofishin nan ta mayar mini da takardar saki. Na ji daɗi. Har yau ina jin kunyar daɗin da na ji, amma na ji shi.

Hajiya Zara ta yi wata guda ba ta ci abinci kwano ɗaya da ni ba. A Tawa labari ya isa kafin a samu mai saye, kuma da sunana ya isa. Babanku ya gaya wa Alhaji da bakinsa cewa shi ya yanke, ba wanda ya yarda, don labarin matar da ta sa aka sayar da gida ya fi daɗin faɗi. Kakarku ta daina aiko mini da gaisuwa har ta rasu. Sunan Mai Gidan Faransa kuwa bai bar shi ba, sai dai yadda ake faɗinsa ne ya sake. Ku kuma ba wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayani, domin mu mutanen da ba sa yi wa yara bayani ne. Kuka tsinci abin da kuka ji a bakin manya, kuka riƙe.

Ranar sa hannu muka haɗu a ofishin noter a Lyon. Masu sayen wasu matasa ne mata da miji, matar tana ta faɗin yadda za su fasa daɓen madafa su sake sabo, babanku yana gyaɗa kai. Aka karanta takardu, aka sa hannu, banki ya ɗauki nasa, ɗan abin da ya rage ba abin faɗi ba ne. Ya ciro makullan daga aljihu ya miƙa, har da na akwatin wasiƙa. Muna saukowa daga matakala ya tsaya, yana gabana da taki biyu, bai juyo ba.

"Maman yara, takardar da na rubuta miki, na ɗauka na sallame ki. Ashe akwai igiyar da na bari a wuyanki ban sani ba. Malamai sun ce in za a rabu a rabu da kyautatawa. Yau na cika."

Na ce Allah ya saka da alheri, kamar wadda aka ba wa wuri a cikin mota.

"Ɗakin da na kama nan kusa, a Vénissieux, ba ya ɗaukar mutum uku," ya ce. "In kin samu wuri, su taho wurinki. Ni zan riƙa zuwa."

Ku lura da wannan. Ya san ba gidan kaɗai yake bayarwa ba, har da tashinku da kwanciyarku a gabansa. Ya lissafa duka kafin ya ɗaga waya ranar Asabar ɗin nan. Kafin shekara ta zagayo na samu gida a Bobigny, ɗaki uku, na saya muku gado kowa da nasa. Kuka zo kuna kuka. Balkisa, kin yi wata uku ba ki yi mini magana ba sai ta kama dole, na kuma karɓa. Shi kuwa duk ƙarshen wata yana hawa jirgi ya zo, ya kai ku cin abinci a Belleville, ya koma ɗakinsa. Bai sake sayen gida ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba, ko da wasa.

To ga abin da nake roƙonku. Haushin "to" ɗin da na ce, ku ci gaba da jin sa in kuna so, wannan nawa ne, na sa masa hannu. Amma sayar da gidan nasa ne. Duk ranar da kuka ce na matsa masa, kun mai da shi mutumin da aka ƙwace wa gida, alhali ba wanda ya ƙwace masa komai. Na riga na haƙura, dattawa suna bayansa, doka ma ba ta tilasta shi ba. Ya ji inda kuke kwana ne, ya je ya sayar. Na zauna da mutumin nan shekara goma sha biyar, ban ga ya yi abin da ya kai wannan girma ba, kuma ya yi shi ne lokacin da ba ni da wani haƙƙin aure a kansa. Bai bar muku gida ba, abin da ya bar muku ke nan. Kada ku karɓe masa shi ku ba ni.